Idan mace ta ce muku ana dukanta: abin yi daga sa'ar farko

Ba kasafai mace ke fara maganar da "mijina yana dukana" ba. Cewa za ta yi ba ta samun barci, ko ta zame a banɗaki, ko ku ga gabanta na faɗuwa duk lokacin da wayarta ta yi ƙara. A rahotonta na 2021, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mace ɗaya cikin uku a duniya ta taɓa fuskantar duka ko cin zarafi ta hanyar jima'i, akasari daga hannun miji ko wanda take tare da shi. Saboda haka wata rana maganar za ta zo kunnenku.

Ku keɓe da ita tukuna. Ko yaron da ya fara magana kada ya zauna, domin zai iya maimaitawa a gida ba da nufi ba. Kada ku ce "me kika yi masa?" Wannan tambaya kaɗai ta isa ta rufe mata baki na shekaru. Ku ce, "Na yarda da ke, ba laifinki ba ne." Kada ku yi saurin cewa ta yi haƙuri, kada kuma ku ce ta tattara kayanta yau. Duka biyun yanke mata shawara ne, alhali ikon yanke wa kanta shawara shi ne abin da aka fara ƙwace mata. Kuma kada kowa ya tunkari mijin ba da saninta ba, don ita za ta kwana da shi a ɗaki ɗaya.

Sannan ku auna haɗarin da tambayoyi shida da ma'aikatan lafiya ke amfani da su. Dukan ya ƙaru cikin wata 6 da suka wuce? Ya taɓa ɗaukar mata makami? Ya taɓa shaƙe ta? Tana jin zai iya kashe ta? Ya doke ta tana da ciki? Yana da mugun kishi kullum? Idan ta amsa "e" sau 3 ko fiye, rayuwarta na cikin haɗari, a nemo mata wurin kwana da taimakon hukuma ba tare da jinkiri ba. Shaƙewa ita aka fi rainawa, domin sau da yawa ba ta barin tabo. Idan muryarta ta dishe, ko haɗiyar yawu na mata wuya, a kai ta asibiti a ranar.

Idan fyaɗe ne, lokaci ne a gaba da komai. Maganin kariya daga cutar HIV sai an fara shi cikin sa'a 72, a sha kwana 28 ba fashi. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa yana aiki har sa'a 120, amma ƙarfinsa na raguwa da kowace rana. In za ta iya, kada ta yi wanka kafin a duba ta. In ta riga ta yi, ta je duk da haka. Tufafin a sa su a jakar takarda, ba leda ba, don danshi a leda yana lalata shaida. A ɗauki hoton rauni da kwanan wata, a sake ɗauka bayan kwana 2 lokacin da kwanciyar jini ta fito sosai. Kada hotunan su zauna a wayar da yake bincikawa.

Ranar barin gida da makonnin da ke biye su ne mafi haɗari, domin a lokacin yake ganin iko na kuɓuce masa. Shi ya sa ake shiri a ɓoye: katin shaida, takardun haihuwar yara, magunguna, ɗan kuɗi da mukulli, a ajiye wurin amintacce. Ku tsayar da wata kalma da za ta faɗa a waya ku gane a zo yanzu. Idan faɗa ya tashi, ta nisanci kicin saboda wuƙaƙe, ta matsa kusa da ƙofar fita.

Duka ba daga fushi yake farawa ba. Mutumin da ba ya marin shugabansa a wurin aiki ya san yadda ake danne zuciya. Matar yake ganin tana ƙarƙashinsa. Kafin hannu ya tashi, an riga an karɓe mata kuɗi, an hana ta aiki ko karatu, an raba ta da danginta. Nan ne taimako mai ɗorewa yake: asusun banki da sunanta, layin waya nata, sana'ar da kuɗinta ke shiga hannunta. Maza kuma su daina dariya idan aboki ya yi alfaharin ya "gyara" matarsa, su ce masa laifi ne.

Tana iya komawa wurinsa, har sau da yawa, saboda yara ko rashin abin hannu. Kada ku yi fushi ku yanke ta. Ku tambaye ta lokacin da ba ya gida, ku riƙa kiranta a wannan lokacin, kuma kada ku bar saƙon da zai iya karantawa.