Yadda ake tafiyar da yaran coci a azumin kwana arba'in

Kowace shekara, da zarar an yi sanarwar Laraba ta Toka, ranar da ake shafa toka a goshi a fara azumin kwana arba'in kafin Ista, sai ka ga sababbin malaman Makarantar Lahadi sun taso da zafinsu. Ayoyin hadda arba'in, jadawalin azumi, wasan kwaikwayon Ista, duk an ɗora wa yara a mako guda. Kafin Lahadi ta uku rabin aji sun daina zuwa da takardunsu, malamin ma ya gaji, an koma waƙa da tafi har a tashi. Domin irin waɗannan malamai na rubuta wannan, da iyayen da ke son 'ya'yansu su amfana da lokacin. Ikilisiyoyin da ke kiyaye shi sosai nake nufi, wato Katolika da Anglikan da Lutheran. In cocinku ba ta shafa toka, ku tsinci abin da zai yi muku amfani.

Fara da lissafi

Daga Laraba ta Toka zuwa Asabar ɗin jajibirin Ista kwana 46 ne. Akwai Lahadi shida a ciki, ba a kuma ƙirga su, domin kowace Lahadi ranar tashin Ubangiji ce. Haka ake samun 40. Ku san wannan kafin ku shiga aji, don ba a rasa yarinya mai kaifin kai da za ta ƙirga da yatsa ta ce, "Malam, ai sun wuce arba'in." Ranar farawa tana canzawa kowace shekara, tunda Ista kan faɗo ne tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. A 2026, misali, toka ran 18 ga Fabrairu, Ista ran 5 ga Afrilu.

Kowane yaro ya zana kalandarsa mai gidaje arba'in, gida ɗaya don kowace rana, a tsakiyar littafin rubutunsa ko a bayan kwalin taliya. Kada ku kashe kuɗin baiko wajen buga kalanda mai launi. Kada kuma ku yi babba guda ɗaya ku manna a bangon coci, domin sau ɗaya a mako yaro zai gan ta, aikin kuwa a gida ake yin sa.

Sai ku kama iyaye. Ku roƙi shugabar Zumuntar Mata ta ba ku minti biyar a taronsu, makonni biyu kafin a fara. Baki da baki, ba wasiƙa ba. Wasiƙar da aka ba yaro ya kai gida sau da yawa wajen mai ƙosai take ƙarewa, saƙon WhatsApp kuma ba ya isa ga uwar da wayarta ƙarama ce. Abu biyu kawai za ku roƙa: addu'a ta minti biyar da yara kowane dare, da kuma kada a sa yaro azumin da ya fi ƙarfinsa. Maimaitawar Shari'a 6:7 ta ɗora koyarwar a kan iyaye ne, a zaune a gida da kuma a kan hanya. Ku karanta musu ita, ku zauna.

Toka

Tokar da ake shafawa daga ganyen Lahadin Dabino na bara ake samun ta. Ku roƙi Fada ko katikis a ƙona shi a gaban yara, Lahadin da ke gaba da Larabar. Yaron da ya ga ganyen da ya kaɗa yana Hosanna ya zama toka ba ya bukatar dogon bayani. Ku faɗa musu tun da wuri kalmomin da za su ji ranar, ko dai na Farawa 3:19 cewa daga turɓaya muke kuma can za mu koma, ko kiran tuba na Markus 1:15. Ƙanana sukan tsorata da maganar turɓaya in ta zo musu ba zato. Ku kuma gaya musu ba laifi ba ne a wanke goshi kafin a tafi makaranta. Karatun ranar ma, Matiyu sura 6, gargaɗi ne a kan yin ibada don a gani.

Abin da yaro zai bari

A nan ne aikin yake lalacewa, saboda haka a nan zan daɗe.

Na ɗaya, yaro ba ya azumin ci da sha. Wannan ba sassauci ba ne daga gare ni. A dokar Katolika, azumin Laraba ta Toka da na Juma'a Mai Kyau yana kan mai shekara 18 zuwa 59 ne, ƙaurace wa nama kuma daga shekara 14 yake farawa. Abin da dokar ta ɗora wa iyaye da shugabannin coci game da ƙanana shi ne a koya musu ma'anar tuba. To me ya kai ɗan shekara tara wuni ba ruwa? Ku tuna lokacin da azumin nan ke faɗowa a wajenmu: ƙarshen hunturu ne zuwa tsakiyar bazara, Maris da Afrilu, lokacin da rana ke dukan tsakar ka, ga yaro zai taka zuwa makaranta ya dawo, ga jarrabawar zango na biyu. Malamin da ya ce wa aji "wanda ya kai ƙarfe shida shi ne jarumin Yesu" bai koya wa kowa tuba ba. Gasa ya buɗe, kuma wanda zai ci gasar shi ne wanda ya fi iya shan ruwa a ɓoye a bayan gida.

Akwai kuma maganar maƙwabta. A 'yan shekarun nan azuminmu da na Ramadan suna haɗuwa. A 2025 Musulmi sun ɗauka ran 1 ga Maris, mu muka shafa toka ran 5. Yaranmu wasa ɗaya suke yi da yaran unguwa, suna jin ana tambayar "kai nawa ka kai?", dole su so su ma su sami abin faɗa. In yaro ya zo ya ce, "Malama, ni ma zan yi irin na abokina," kada ki kushe na abokin, kada kuma ki ce to bismilla. Ki ce masa kowane addini da tsarinsa, nasu a girmama shi, kada a ci abinci a gabansu don tsokana, namu kuma ga yadda yake. Yaron da ya san amsar da zai bayar a waje ba ya jin kamar azuminsa na wasa ne.

Na biyu, abu ɗaya zai bari, kuma shi zai zaɓa. Taura biyu ba ta taunuwa. Malamai suna son su rubuta a allo, "ba alewa, ba talabijin, ba nama, ba faɗa," kowa ya kwafa. Ku duba ajinku tukuna. Akwai yaron da rabonsa da nama tun Kirsimeti, in kun ce ya bar nama kun yi masa ba'a ne. Akwai wanda gidansu ba wuta balle talabijin. Abin da za a bari sai ya zama abin da yaron yake da shi, yake kuma so. Ku zauna da su ɗaya bayan ɗaya, ko da zai cinye lokacin darasin Lahadin farko gaba ɗaya. Ni a ganina ya cancanci a cinye shi. Wani zai ce cingam, wata ta ce biskit ɗin tara, wani wasan da ke wayar babansa, wata ta ce za ta daina zagin ƙanwarta. Duk sun yi. Wanda ba ya yi shi ne "zan zama yaron kirki," domin da dare ba yadda zai san ko ya cika ko bai cika ba. Ku matsa masa a hankali: "Kirki kamar me? Wa za ka yi wa? Yaushe?" har ya sauko kan abin da ido ke gani, kamar ɗebo wa kaka ruwa kafin ta tambaya.

Na uku, kuma wannan ne sababbin malamai ke mantawa ɗungum: abin da aka bari dole ya tafi wajen wani. Idan yarinya ta bar biskit amma kuɗin ya koma jakar mamarta, ita dai ta yi asarar biskit ke nan, ba ta ga amfanin komai ba. Ishaya 58 ta faɗi irin azumin da Allah ke so, har da raba abinci da mayunwaci. Saboda haka kowane yaro ya sami asusu. Ba sai na ƙasa na kasuwa ba, gwangwanin madara ko na tumatir da aka huda ya isa, sai dai a danne bakin da guduma kada ya yanki hannu. Kuɗin cingam ɗin yau ya shiga ciki yau, a sa alama a gidan yau na kalanda. Yaron da ba a ba shi kuɗin tara, a roƙi mamarsa ta bar shi ya riƙa ɗiban masara ko gero cikin tafin hannu yana zubawa a leda. Wanda ko wannan babu, aikin hannunsa ne sadakarsa.

Tun makon farko yara su san wa ake tara wa. "Matalauta" ba su da fuska. Gwauruwar da ke zama a bencin baya, dattijon da ya daina zuwa sujada don ƙafa, iyalin da rikici ya koro suka sauka a unguwa, waɗannan yaro zai iya sa su a addu'a. Ku tambayi dattawan ikilisiya kafin ku ambaci kowa, don kada a kunyata mutum.

Ba a sanar da abin da kowa ya tara. Ba a ba da kyauta ga wanda ya fi. Na san kwamitin zai kawo shawarar a sayi bokiti ko littafi a ba na ɗaya da na biyu. Ku ƙi. Ɗan mai kuɗi ne zai ci, kowa ya sani.

Sai babbar magana: yaro zai karya. Wajen mako na uku ne galibi. Zai sha alewar a bikin suna, ko ya zagi ƙanin nasa zagi mai kyau. Abin da kuka yi a wannan rana ya fi duk darussan da kuka shirya. In kun ja masa jan biro a kalanda ko kun tsayar da shi gaban aji, ya gama da azumin bana, mai yiwuwa har da na baɗi. Abin da ake yi shi ne a bar gidan ranar fayau, ba alama, ya roƙi gafarar wanda ya ɓata wa in akwai, gobe a ci gaba. Na fi so ma malami ya riga su, tun Lahadi ta biyu ya ce, "Akwai ranar da za ku kāsa. In ta zo, ku zo ku gaya mini, ba duka." Ku ajiye labarin Bitrus domin wannan mako: ya yi musun Ubangijinsa sau uku a dare guda, a Yahaya 21 kuma aka tambaye shi sau uku ko yana ƙaunarsa, aka mayar masa da aikinsa. Yaron da ke da gidaje biyar fayau a kalandarsa zai saurari wannan labari da kunne biyu.

Labari da addu'a

Labari ɗaya a mako, aya ɗaya ta hadda. Ku fara da gwajin Yesu a jeji, Matiyu 4, tunda daga nan kwana arba'in ɗin suka fito. Bayansa ni Luka nake bi: ɗan da ya ɓata a sura 15, Basamariye a sura 10, Zakka a sura 19. Ku ba da shi da harshen da yaran ke faɗa da juna da shi. Tun 1932 akwai cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, ba dalilin da zai sa a karanta wa 'yan shekara shida Turancin da malamin kansa ke tuntuɓe a ciki. A gida, Addu'ar Ubangiji da sunan wanda ake tara wa sun isa.

Tunda ba a rera Halleluya a wannan lokaci, ku sa su rubuta kalmar a babbar takarda, su yi mata ado, a kulle a akwati sai Ista. Kuɗinsa bai wuce na takarda ba, kuma suna son sa ƙwarai.

Hanyar Gicciye, wato addu'ar bin sawun Yesu zuwa gicciye, tasha 14 ce, ta manya kuma doguwa ce ga yaro, ga durƙuso ga zafi. Ku raba, tasha biyu ko uku kowace Juma'a da yamma a inuwar bishiya. Ku daɗe a kan Saminu Bakurane da aka sa ya ɗauki gicciyen, don shi ne yara suka fi ganewa. In za a yi wasan kwaikwayo, ba bulala, ko ta wasa. Ku ba yara maza matsayin sojan Roma da dorina a hannu ku ga yadda za su huce haushin bara a kan mai yin Yesu, jama'a na dariya. Kada kuma a ce wa ƙaramin yaro shi ya buga ƙusoshin.

Mako Mai Tsarki

Wannan ba wuya in an yi na baya. Lahadin Dabino yara su shiga gaba a jerin gwano, a koya musu saƙa gicciye da ganyen, su kai gida su adana. Ranar Alhamis ku karanta Yahaya 13, manyan aji su wanke wa ƙanana ƙafa, bokiti ɗaya da tawul biyu. Juma'a su zauna kusa da iyayensu, a zo musu da ruwan sha. Asabar da safe a fasa asusu duka cikin kwano ɗaya ba tare da ƙirga na kowa ba, a sayi hatsi da sabulu da mai, a je da yaran su miƙa da hannunsu, su gaida mutum yadda ya kamata. Ba ɗaukar hoto. Ranar Ista a buɗe akwatin Halleluya, a bar su su yi ihu son ransu, a ba su alewar da suka bari. Ku sa kuɗin alewar nan da na shinkafar fita Galili, wato fitar murna ta Litinin bayan Ista, a kasafi tun Fabrairu, domin ma'ajin coci ba ya sakin ko sisi a Mako Mai Tsarki.