Babi na Shida: Ɗinka Kilt da Gwada Shi a Jiki

Darasi na 1: Kayan aiki

Kilt tufafin mazan ƙasar Sikotlan ne, musamman mutanen kan tsaunuka. Ana ɗaura shi a ƙugu kamar zane, amma a gwiwa yake tsayawa. Gabansa shimfiɗe yake, bayansa kuwa ninki ne jere reras. Gwamnatin Birtaniya ta hana sa shi a 1746, aka janye dokar a 1782. Yau shi ake sawa a bikin aure da faretin soja. Tarihin ya isa haka, mu ɗinki ya tara mu.

Ku nemo yadi mai gida-gida, wanda suke kira tatan. Na asali ulu ne mai nauyi. Babban mutum yana cin yadi 8 idan yadin siriri ne. Idan mai faɗi ne, ku sayi yadi 4, ku tsaga shi biyu ta tsawo, ku haɗa. Mai koyo ya fara da yadi mai araha, kada ya ƙona kuɗinsa. Sai tef na awo, alli, almakashi, allura, zare kala biyu, fil, dutsen guga, yadin shafi, da igiyar fata biyu masu kan bel.

Darasi na 2: Awo uku

Ba a auna kai da kai. Ku tsaya sak, ɗan'uwanku ya auna ku.

Na farko ƙugu. Ba inda wando yake zama ba, a'a, daidai cibiya. Ku ɗora yatsa a cibiya, nan tef zai zagaya. Kada ku haɗiye ciki.

Na biyu mazaunai, wato inda ya fi tudu a baya.

Na uku tsawo, daga cibiya zuwa tsakiyar ƙoƙon gwiwa. Ku ƙara inci 2 a sama.

Ku rubuta kowane awo da sunansa a gefe. Wanda rubutu bai zauna masa ba ya zana mutum, ya sa lambar a inda aka auna. Ba abin kunya ba ne.

Ƙasan kilt ba a yi masa kalmasa. Bakin yadin da ya zo daga masaƙa, wanda ba ya zarewa, shi ne ƙasa. In za ku rage tsawo, daga sama za ku yanke.

Darasi na 3: Ninki

A nan ake faɗuwa, don haka a nan za mu daɗe.

Rabin awonku na gaba ne, rabi na baya. Ninki a baya kaɗai yake. A ce ƙugu inci 36 ne, mazaunai 42. Rabin 36 shi ne 18. Rabin 42 shi ne 21. Za mu yi ninki 24.

Yanzu ku ɗauko tef, ku kawo shi kusa da ido. Tsakanin lamba 1 da lamba 2, ku ƙirga 'yan gidajen da layuka suka raba. Takwas ne. In naku ya nuna goma sha shida, ku ɗauki biyu-biyu a matsayin ɗaya. Kowane ninki zai nuna fuskar gida 6 a ƙugu, gida 7 a mazaunai. Ku faɗa da baki: shida a sama, bakwai a ƙasa.

Me ya sa ba ɗaya ba? Saboda ƙugu bai kai mazaunai faɗi ba. Gida ɗaya ɗin nan da kuke rainawa, in ya taru sau 24, inci 3 ne cur. Wanda ya yi bakwai sama da ƙasa, kilt ɗinsa zai zame daga ƙugu. Wanda ya yi shida sama da ƙasa, ninkin zai wage baki a baya, ana ganin cikinsa. Shida a sama, bakwai a ƙasa.

Ku bar yadin da zai rufe gaba a farkon yadin da kuma ƙarshensa, kowanne inci 21 da rara mai yawa, sannan ku fara. Ku zaɓi layi guda a jikin yadin, a ce jan layi. Duk inda jan layin nan ya sake fitowa, shi ne tsakiyar ninki. Ku sa alli gida uku hagu, uku dama a sama. A mazaunai gida uku da rabi kowane gefe. Ku ninka, ku soka fil. Sauran yadin ya shige ƙarƙashi, kuma duk ninkin gefe guda za su fuskanta.

Kada ku taɓa keke tukuna. Ku ɗauki zare mai kala daban, ku yi ɗinkin wucin gadi, mai manyan taku, daga sama har ƙasa. In kun yi ninki huɗu, ku tsaya ku auna. Sama inci 3, mazaunai 3 da rabi. Ya yi? Madalla, hannu ya fara faɗawa. Bai yi ba? Ku warware, ba a mutu ba. Warware huɗu ya fi warware ashirin da huɗu.

Ɗinkin gaske daga ƙugu zuwa mazaunai kaɗai yake, kusan kashi ɗaya cikin uku na tsawon. Daga nan zuwa ƙasa a sake yake, don ya riƙa kaɗawa in ana tafiya. Telolin Sikotlan da hannu suke yi, taku ƙanana a bakin ninki, kuma layukan kwance sai sun haɗu da juna.

Kowane aji sai an sami mai cewa idonsa ya isa, ba ya buƙatar alli. Malam, idonka bai isa ba. Wasu kuma sai su yi biyar da awo, sauran da ka, wai rana ta yi. To, wa kuke cuta? Na gaji da karɓar aikin da ya fara da kyau ya ƙare a karkace. Shida a sama, bakwai a ƙasa, kowane ninki, har na ƙarshe. Wanda awonsa ya bambanta da misalinmu ya raba rabinsa da yawan ninkinsa, ya kawo a duba kafin ya sa alli.

Darasi na 4: Ciki da guga

Ku juya bayan aikin. A wurin da kuka ɗinke, yadi ya taru ya yi kauri. Ku rage shi da almakashi, ku bar rabin inci daga ɗinki. Kada almakashi ya wuce mazaunai. Ku rufe da shafi. Ku shimfiɗa ɗanyen ƙyalle a kai, ku danna dutsen guga, ku ɗaga. Ba a jan sa. Sai ya bushe za ku cire zaren wucin gadi.

Darasi na 5: Igiya da gwaji

Gefen da ke hannun dama shi ke fara shiga, igiyarsa ta bi ta ƙaramin rami a kwiɓin hagu. Na hagu ya hau kansa, a ɗaure a dama. Ninki a baya, ba a gaba ba.

Ku durƙusa. Bakin ƙasa ya kusa taɓa daɓe. In ya kwanta, ya yi tsawo.

Darasi na 6: Sauran

Fil na ado a gaba, a gefen da ya hau sama kaɗai ake soka shi. Kilt ba shi da aljihu, jakar fata ake ratayawa a gaba. A kawo aiki ranar aji na gaba, a goge.