Yadda ake mayar da littafin sauraro MP3 don ƙaramin rediyo

Tun da idon Baba ya yi rauni, karatunsa ya koma kunne. Yana Daura, ni ina Katsina, duk ƙarshen wata nakan kai masa memori cike da littattafan da aka karanta da murya. Ranar farko da muka sa memorin a ɗan rediyonsa, shiru kake ji. Ashe rediyon lafiyarsa lau, fayilolin ne M4B, shi kuwa MP3 kaɗai ya sani.

Saboda haka ka fara duba wutsiyar sunan fayil ɗin. Idan ka ga M4B ko M4A, ko OPUS irin na saƙon muryar WhatsApp, yawancin ƙananan rediyo da wayoyi masu madannai ba za su karanta ba. Idan kuwa AAX ne na Audible, kamfanin sayar da littattafan sauraro, a kulle yake, sai dai a saurare shi a manhajarsu.

Sauke manhajar VLC a kwamfuta, kyauta ce. Shiga Media, ka danna Convert / Save, sannan Add ka ɗauko littafin, ka sake danna Convert / Save a ƙasa. A wajen Profile zaɓi Audio - MP3, ka nuna inda za a ajiye shi, ka danna Start. Kada ka goge na asali tukuna.

Kafin Start ɗin, akwai alamar sifana kusa da Profile, nan ake saita nauyin sauti. Maganar mutum ba kiɗa ba ce, 64 kbps ta wadatar. A haka awa ɗaya ba ta kai MB 30 ba, littafin awa 10 bai cika MB 300 ba. Idan ka bar shi a 128, ka ninka cin wuri, kuma a ɗan lasifikan nan kunne ba zai ji bambanci ba.

Inda na fi so ka natsu shi ne yanka littafin. M4B yana ɗauke da babi-babi a cikinsa, amma da ya zama MP3 sai ya dunƙule ya koma doguwar magana guda. Rediyon Baba ba ya tuna inda aka tsaya. In ya kashe ya tafi masallaci, ko caji ya ƙare, sai a koma farko. Na same shi wata la'asar a zaure, babban yatsansa a kan madannin gaba, yana laluben wurin da ya tsaya tun da hantsi. Abin ya tsaya mini a rai.

Maganinsa manhajar Audacity, ita ma kyauta. Buɗe MP3 ɗin a ciki, duk inda babi ya fara, har da na farko, ka danna Ctrl da B ka sa alama, sannan wajen fitarwa ka zaɓi a raba fayiloli bisa alamomin. Minti 20 zuwa 30 ya ishi kowane yanki. Sa musu lamba 01, 02, 03, da sifilin a gaba, in ba haka ba 10 zai iya tsallakowa gaban 2. Wasu rediyon ma ba sa kallon suna, wanda aka fara turawa shi suke fara karantawa, don haka tura su ɗaya bayan ɗaya.

Ka tabbata tsarin da aka yi wa memorin fomat da shi FAT32 ne. Wanda ya wuce GB 32 da exFAT yake zuwa, rediyo da yawa ba sa ganinsa. In za ka sauya tsarin, kwashe kayanka tukuna, komai zai goge.

Kafin ka hau motar Daura, gwada memorin a rediyo irin nasa, ka saurari yankin farko da na ƙarshe.