Jan dogon numfashi: kurakuran da na gaji da gyarawa

Duk wanda ya zauna a Makka ya san abin da ake fara ce wa mutum da zarar ya ruɗe a cikin cunkoso: "Ja numfashi! Ja da ƙarfi!" Mu Hausawa muna faɗa, Larabawa na faɗa, baƙi ma da harshensu. Yanzu kuma waya ta ƙara dagula lamarin, kowa ya kalli bidiyon minti ɗaya ya zama malamin numfashi. Ni sana'ata raka tsofaffi ɗawafi da sa'ayi, da dare kuma muna fita tattaki da wasu abokai 'yan unguwarmu ta Shara Mansur. Kurakuran da nake gani a wuraren biyu iri ɗaya ne, kuma bakina ya gaji da maimaitawa.

Babban kuskure, wanda sauran suke ratayuwa a jikinsa, shi ne zaton cewa dogon numfashi yana nufin zuƙar iska mai yawa. Wannan zaton ya cinye mini shekarun samartaka. Bayan rasuwar mahaifina fargaba ta kama ni, da na shiga taro sai zuciya ta hau dukan uku-uku, ƙirji ya ɗaure. Duk wanda ke kusa sai ya dafa ni ya ce in ja numfashi, ni kuma in buɗe baki in yi ta zuƙa iya ƙarfina. Kafin wani lokaci jiri ya ɗebe ni, leɓe da yatsu su sage, hannu ya ƙage har in kasa buɗe shi. Sai a kwashe ni zuwa asibiti, a gwada zuciya, a gwada jini, a ce lafiyata ƙalau. Kuɗi suka tafi, na ajiye aiki a lokacin da gida ya fi buƙatata, wasu kuma suka fara cewa iskoki ne. Addu'ar da aka yi mini ban raina ta ba, Allah ya saka wa kowa. Amma shawarar da ake ba ni don in samu sauƙi ita ce take kayar da ni, kuma ba wanda ya sani sai da wani likita ya zaunar da ni ya yi mini bayani.

Ga abin da ke faruwa. Mai lafiya, ko yana cikin tsoro, jininsa ɗauke yake da iskar oksijin kashi 95 zuwa 100 cikin ɗari. Babu wurin ƙari. Abin da numfashi mai sauri da zurfi yake yi shi ne korar iskar kabon dayoksaid fiye da kima. Mun saba jin cewa wannan iskar datti ce, amma jiki yana buƙatar wani gwargwado nata. In ta ragu sosai, hanyoyin jinin da ke zuwa ƙwaƙwalwa sukan tsuke, shi ne jirin. Jinin kuma ya riƙe oksijin ɗinsa gam, ya rage sakar wa sassan jiki, abin da wani masanin ƙasar Denmak, Christian Bohr, ya bayyana tun 1904. Sai mutum ya ji kamar iska ba ta isarsa, ya ƙara zuƙa, abin ya ƙara tsanani. Kai da kake tsaye a kansa kana ihun "ja da ƙarfi", kai ne kake hura wutar.

Abin da nake yi yanzu, kuma nake koya wa duk wanda na raka, shi ne farawa da fitarwa. Kada ka damu da shaƙa, jiki zai shaƙa da kansa ko ka so ko ka ƙi. Tsuke leɓe kamar mai hura kunu mai zafi, ka saki iskar siririya har ta ƙare. Sannan ka rufe baki, ka bar ta ta shigo ta hanci, kaɗan, ba tare da ƙara ba. Fitarwa ta fi shaƙa tsawo, wannan shi ne sharaɗin. Baligi a zaune yakan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti, kai kuma so kake ka sauko kusa da sau 6. Masu ƙirga lamba sukan ce huɗu ciki, shida waje. Ni lamba ruɗa ni take yi in ina cikin tashin hankali, don haka "Subhanallahi wa bihamdihi" nake yi a zuci, sau ɗaya in ina shaƙa, sau biyu in ina fitarwa. Tsofaffin da nake rakawa sun fi kama wannan da wuri.

Dalilin fifita fitarwa kuwa kana iya gwada shi yanzu. Ɗora yatsa a jijiyar wuyan hannunka. Za ka ji bugun yana ɗan ƙara sauri in ka shaƙa, yana lafawa in ka fitar. Wata doguwar jijiya ce da ta sauko daga ƙwaƙwalwa ta ratsa wuya zuwa zuciya da hanji take wannan aikin, tana rage wa zuciya gudu a lokacin fitarwa. A 2023 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka sun sa mutane yin minti 5 kullum har wata guda suna shaƙa biyu a jere ta hanci, ta biyun gajeriya, sannan doguwar fitarwa ta baki. Waɗanda suka yi haka sun fi samun walwalar zuciya a kan waɗanda suka zauna kawai suna lura da numfashinsu. Ajiyar zuciya ce dai da kowa ya sani, aka mayar da ita darasi.

Akwai ƙananan kurakurai da ba sai na tsaya a kansu ba. Ɗaga kafaɗu lokacin shaƙa alama ce ta cewa da saman ƙirji kake numfashi. Ɗora tafin hannu a cibiya, shi ne ya kamata ya motsa, domin tantanin da ya raba ƙirji da ciki shi ne ainihin mai jan iskar. Ɗaure bel ɗin harami tamau a kan tumbi yana hana wannan tantanin sauka, a sassauta shi. Tura ciki waje da ƙarfi don a nuna an iya, shi ma wahalar banza ce. Tsarin nan na 4-7-8 (shaƙa a ƙirga huɗu, riƙe a ƙirga bakwai, fitar a ƙirga takwas) da likitan Amurka Andrew Weil ya yaɗa, mutane da yawa suna jin daɗinsa wajen neman barci, amma ni ba na ba mai fargaba shi, don riƙe numfashi har ƙirga bakwai kan ƙara firgita shi. Wannan ra'ayina ne, wani zai ce maka akasin haka.

Sai masu jiran ranar da abin ya taso kafin su gwada. A tsakiyar cunkoson Jamarat ba a koyon sabon abu. Ni bayan sallar Asuba nake zama minti biyar kafin in taɓa waya, haka ma kafin barci. Wanda zai zo aikin Hajji ya fara tun yana gida.

Yanzu ga wanda ya fi ƙona mini rai. Mutanenmu, da zarar sun koyi wannan abu, sai kowace irin sarƙewar numfashi ta zama "fargaba ce kawai". Wani dare cikin azumi kawuna ya dawo daga tarawihi yana cewa ƙirjinsa ya yi nauyi, gumi na zubo masa duk da sanyin ɗaki, hannun hagu na masa tsami. Ba na gida. Aka shimfiɗa masa tabarma, aka ba shi Zamzam, ana masa fifita, wani yaro da ya kalli bidiyo yana ta cewa, "Kawu, shaƙa huɗu, riƙe, fitar." Har aka kawo leda a ce ya yi numfashi a ciki. Sai gab da sahur aka kai shi asibiti. Bugun zuciya ne, hanyar jini ta toshe. Allah ya yi da sauran kwana, amma likitan ya ce awannin da aka ɓata sun kashe wani ɓangare na naman zuciyar. Mutumin da yake ɗawafi da ƙafarsa kowace Juma'a, yau a keke nake tura shi.

Wallahi ku ji tsoron Allah da rayukan iyayenku. Na san abin da ke hana mu fita: tsoron kuɗin asibiti, wasu kuma matsalar takardu. Na san shi sarai, a cikinsa na girma. Amma nauyi ko matsi a ƙirji, ciwon da ke tafiya zuwa hannu ko muƙamuƙi ko baya, gumi mai sanyi, leɓe ya yi shuɗi, mutum ya kasa haɗa jimla ɗaya saboda haki, ko ya fara sambatu, ba abin da tasbihi da hura leɓe za su gyara ba ne. A kira motar asibiti a 997, a yankin Makka 911 ma yana aiki. In abin bai kai haka ba amma hankali bai kwanta ba, layin Ma'aikatar Lafiya 937 yana nan a tambayi likita. Mai ciwon suga da tsoho da mata sukan yi bugun zuciya ba tare da ciwo mai tsanani ba, sai kasala da tashin zuciya da haki, don haka kada a jira sai mutum ya dafe ƙirji yana ihu. Maganar leda ko jakar takarda kuwa a bar ta gaba ɗaya. Likitoci sun daina ba da wannan shawarar, domin in asma ce ko zuciya, ka rage wa mutum iskar da yake nema ido rufe. Mai asma abin shaƙarsa za a miƙa masa, a zaunar da shi a miƙe, ba darasi ba.

Zafi ma haka. A Hajjin 2024 zafin Makka ya haura digiri 51, kuma hukumomi sun ce fiye da mutum 1,300 suka rasu. Alhajin da ya sha rana tsakanin Arfa da Mina ya fara haki, jikinsa ya yi zafi rau, magana ta fara rikice masa, inuwa yake buƙata da ruwa a jiki da ma'aikatan lafiya nan take. Numfashi a hankali ba ya sauke zafin jiki.

In ka tabbata fargaba ce, mutum ya saba yi, an kuma duba shi a baya, to ka fitar da shi daga tsakiyar mutane zuwa gefe, ka tsaya inda zai ga fuskarka. Ni cewa nake, "Hajiya, ki dube ni, mu fitar tare," sai in fara hurawa a hankali tana bi na. Mutum ɗaya ya yi magana, sauran su matsa. Taron dangi a kan mai firgici, kowa da tasa shawarar, shi kansa ciwo ne. In an ɗan jima ba sauƙi, a koma ga lambobin wayar nan da na ambata.

A fagen motsa jiki kuskuren juyawa yake yi, a nan riƙe numfashi ne matsalar. Dubi masu ɗaukar jarkokin Zamzam da akwatunan alhazai, ko mu masu tura keke a hawa: mutum ya cije, ya toshe numfashi, jijiyoyin wuya su tashi. Wannan yana harba hawan jini sama a take, kuma in ya saki sai jiri. Matashi mai ɗaga ƙarfe da ya koyi abin a hannun ƙwararre daban ne. Amma dattijo mai hawan jini, ko ni da kai, a fitar da iska a daidai lokacin da ake yunƙurin ɗagawa.

Sa'ayi tafiya ce ta kusan kilomita 3 in an haɗa zagaye bakwai, ga sassarfar maza tsakanin korayen fitilu. Abin da ke gajiyar da tsofaffi sau da yawa shi ne bin mai jan addu'a da murya sama, doguwar addu'a a numfashi ɗaya, ana tafiya da sauri. "Baba Alhaji, yi a zuci, Allah yana ji," haka nake ce musu, kuma nan da nan hakin yake raguwa. Ma'aunina a tattaki shi ne magana: in kana iya yin gajeriyar hira kana tafiya, saurinka daidai ne, in kalma ɗaya-ɗaya kake fitarwa, rage. Masu cewa dole sai ta hanci kaɗai ko ana gudu sun wuce gona da iri. Hanci yana tace ƙura yana jiƙa iska, shi ya sa na fi son sa a tafiyar yau da kullum, amma mai hawan Dutsen Nur zuwa kogon Hira ya buɗe bakinsa in jiki ya nema. Wanda kuma ya hau Ɗa'ifa, mai tsayin kusan mita 1,800, ya ji yana haki fiye da yadda ya saba a Jidda, tsayin wurin ne, ya sassauta tafiya.

Samarin da ke zuwa iyo a Ubhur, bakin tekun Jidda, ku saurare ni da kyau. Zuƙar numfashi da sauri sau da yawa kafin a nutse, don a daɗe a ƙasa, yana kisa. Abin da ke tilasta maka ɗagowa ka shaƙi iska shi ne taruwar kabon dayoksaid. In ka kore ta tun farko, oksijin zai ƙare ba tare da jiki ya yi maka gargaɗi ba, ka suma a cikin ruwa shiru, abokanka na zaton gwaninta kake. Tsarin Wim Hof ɗan ƙasar Holan da kuke kwaikwayo, na zuƙar numfashi da sauri sannan a riƙe, shi kansa ya hana yin sa a ruwa ko ana tuƙi. Kada in sake jin wani ya gwada shi a kan hanyar Makka zuwa Jidda.

Zama a rufaffen ɗaki da turaren wuta ya turnuƙe a ce ana atisayen numfashi, ko a yi shi bayan an tashi daga kan shisha, ko a fita tattaki ranar da guguwar ƙura ta taso, duk cutar da huhu ne. A buɗe taga in iska ta yi kyau, in ba ta yi ba a jira.

Na ga kuma waɗanda suka ajiye maganin hawan jini ko na damuwa don sun yi sati biyu suna numfashi a hankali sun ji daɗi. Numfashin yana iya ɗan sauke awon jini, yana taimaka wa barci, ni shaida ne. Amma rage magani aikin likita ne. Ka riƙa auna jininka safe da yamma kana rubutawa a takarda, ka kai masa ranar ganinsa, shi zai duba ya ce a rage ko a bari. Mai fargabar da ta hana shi fita aiki ko shiga Harami har tsawon makonni kuwa, ya nemi likitan ƙwaƙwalwa, ya ci gaba da numfashinsa tare da abin da aka ɗora shi a kai.