Yadda ake tsara bugun Euclid a kan Eurorack

Eurorack tsari ne na haɗa ƙananan na'urorin kiɗa na lantarki, wato modul, a akwati ɗaya. Modul mai raba bugu ba ya fitar da sauti. Aikinsa ya aika ɗan gajeren siginar lantarki, wato tiriga, a daidai lokacin da ganga za ta buga. Da yawa daga cikinsu suna bin lissafin Euclid, yadda Godfried Toussaint na Jami'ar McGill ya bayyana shi a 2005: ka ba na'ura adadin gurabe da adadin bugu, ita kuma ta raba su daidai-wa-daida gwargwadon iko.

Kayan aiki kaɗan ne: modul irin Pamela's NEW Workout na kamfanin ALM, mai faɗin 8HP (HP ma'aunin faɗin modul ne) da ƙofofin fitar sigina takwas, sai modul na ganga biyu ko uku, da kebul masu kai 3.5mm. Kafin ka ɗaura, kashe wuta ka duba kebul ɗin lantarki. Jan layin da ke gefensa yana fuskantar -12V. In aka juya shi, modul marar kariya zai iya ƙonewa nan take.

Fara da agogo, wato siginar da ke riƙe gudun kiɗa. Sa gudu a 120 a minti ɗaya, ka ninka gudun ƙofa ta farko sau huɗu, kowane gurbi ya zama milisakan 125 ke nan. Lambobi uku za ka taɓa: gurabe, bugu, da juyi, wato matsar da gurbin da tsarin ke farawa. Babbar ganga ka ba ta bugu 4 cikin gurabe 16, ta tsaya cak kamar turke. A ƙofa ta biyu sa 3 cikin 8, za ka ji tazarar 3-3-2, bugun da ake kira tresillo a Kuba.

Zaɓen lamba shi ne gishirin aikin. Idan adadin bugu ya raba gurabe ba saura, kamar 4 cikin 16, tafiyar soja za ka samu. Daɗin yana ga lambobin da babu lambar da ke raba su duka biyu ba saura sai 1: 5 cikin 16, 5 cikin 8, 7 cikin 12. Wannan na ƙarshe kunnen ɗan Afirka ta Yamma ya san shi. Sa ninkin ƙofar da ka ba 7 cikin 12 sau uku maimakon huɗu, ka riƙa juya tsarin har tazarar ta zama 2-2-1-2-2-2-1, sai ga bugun ƙararrawar ƙarfe na Ewe a Ghana da na Yarbawa. Kada ka haddace lambar juyi, don kowane kamfani da inda yake fara ƙirga. Kunne ne alƙali.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne barin komai a juyin sifili. Duk gangunan sai su faɗo tare a gurbin farko, sautin ya cushe. Matsar da ƙaramar ganga gurbi biyu ko huɗu.

Sai maganar RESET, ƙofar da ke mayar da modul gurbin farko, wadda mutane ke rainawa. Idan agogo yana zuwa daga wata na'ura ba a haɗa wannan ƙofa ba, duk tsayawa da sake kunnawa modul zai ci gaba daga inda ya tsaya, bugun farko ya ɓace. Amma kada a yi masa yawa. Layi mai gurabe 16 da mai 12, in gudunsu ɗaya, sai bayan gurabe 48 suke sake haɗuwa. Mai 16 da mai 7 kuwa sai 112. In kana aika RESET duk bayan 16, ka yanke zagayen tun bai nuna ba.

Idan kiɗan yana rarrafe ko yana gudun fanfalaki, duba adadin tirigar agogo da modul ke jira a kowane bugu ɗaya cikin 120 ɗin nan na minti. Misali, modul Grids na kamfanin Mutable Instruments yana karɓar 4, 8 ko 24. Ka ba shi 4 alhali an saita shi a 24, gudunsa zai ragu sau shida.

Gangar da ke tsallake bugu kuma, sau da yawa faɗin sigina ne ya yi yawa har biyu masu maƙwabtaka suka manne. Rage shi ƙasa da rabin gurbi. In har yanzu shiru, duba ƙarfinsa: Pamela tana ba da 5V idan an buɗe ta duka, don haka tabbatar ba a rage ba, kuma babu abin da ke rage sigina a tsakani.