Yadda za ka bi sawun kuɗin tashoshin jiragen ruwa a majalisa kana zaune a Zariya

Ran nan a teburin mai shayi a Tudun Wada rediyo na kawo labarin 'yan majalisa suna ta cacar baki kan kuɗin tashoshin jiragen ruwa, sai wani ƙanena ya ajiye kofi ya ce "Yaya, mu ina ruwanmu da teku, mu da ba mu san komai ba sai rafin Kubanni?" Aka kwashe da dariya. Na ce masa ya leƙa kasuwar Sabon Gari ya tambayi masu tayil da masu sifiyar babur ta ina kayansu ke shigowa, ai Apapa ne ko Tin Can ko Onne, duk kwanan da kwantena ta ƙara a can kuɗin ajiya ne ke hawa, kuma a kanmu ake fanshewa. To ga yadda ni nake bin abin da wayata.

Farko dai ka iya bambance surutu da kuɗi. Ɗan majalisa daga Bayelsa ko Akwa Ibom zai miƙe ya ce masuntan yankinsa ba su da wurin ɗaure kwale-kwale, a yi ta tafka muhawara, a buga guduma an amince, jarida ta ɗauka. Wannan jan hankali ne kawai, shawara ce ga ɓangaren zartarwa, ko sisi ba ta fitarwa. Kuɗi na cikin dokar kasafi, wadda shugaban ƙasa ke kawowa, a yi mata karatu na biyu, a rarraba wa kwamitoci, sannan ta dawo zaure. Zaman majalisa Talata zuwa Alhamis ne yawanci kuma ana sa shi a YouTube, amma in datarka kaɗan ce kar ka ƙone ta a kan zauren, ka adana ta sai lokacin kare kasafi, inda minista da shugabannin hukumomi ke zama gaban kwamiti ana tambayarsu ina kuɗin bara.

Sai ka san aljihun wa ake magana, nan ne mutane ke rikicewa. Manyan tashoshi irin na Legas, Fatakwal, Warri da Kalaba suna hannun NPA, hukumar tashoshin jiragen ruwa ta ƙasa, ita kuma tana tara kuɗin shigarta ne, kasafinta daban take kai wa kwamitoci, don haka in ka duba babban kundin kasafi ba ka ga gyaran Apapa ba kar ka ce an yi ƙarya. Tashar Lekki ma da aka buɗe a 2023 galibi kuɗin 'yan kasuwa ne da bashin bankin Sin. Ƙananan matsayan kwale-kwale na ƙauyuka su ne za ka fi gani a kundi, ƙarƙashin NIWA, hukumar hanyoyin ruwa na cikin gida mai hedikwata a Lakwaja, ko ma'aikatar harkokin teku da aka ƙirƙiro a 2023.

Ka shiga shafin ofishin kasafi na tarayya ka sauke kundi biyu, wanda shugaban ƙasa ya kai da wanda ya sa wa hannu bayan majalisa ta gama. Fayil ne mai nauyi wallahi, ni sai da na je kafe a Samaru na buɗe a kwamfuta don wayata tsayawa ta yi cak. A wurin bincike ka rubuta "jetty" ko "wharf" (matsayar jirgin ruwa) ko "dredging" (yashe kogi) tunda da Turanci aka rubuta shi. Kowane layi na da lambarsa, da sunan aiki, da adadi, da alamar ko sabo ne ko wanda ake kan yi. Ka kwafe lambar a littafi, ka nemo ta a kundin bara da na bara waccan. In ka ga aiki ɗaya shekara uku ana cewa ana kan yi ana zuba masa kuɗi, to ka sa masa jan biro. Abin da ya bayyana a kundi na biyu babu shi a na farko, majalisa ce ta saka, wani mai amfani ne wani kuma cushe ne, kuma kar ka yi mamaki in ka tarar da aikin matsayar jirgi a ƙarƙashin wata hukumar da ko rafi ba ta sani ba, haka ake yi da ayyukan mazaɓu.

Ni inda na fi sa ido shi ne Baro ta jihar Neja, don tamu ce. Layin dogon da ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911 daga Baro ya taso, an ƙaddamar da sabuwar tashar jiragen ruwanta a Janairun 2019, amma maganar hanya da yashe kogi ta hana ta motsi yadda aka yi fata. Haka tashar tsandauri ta Kakuri da aka buɗe a 2018, amfaninta ya dogara ne da jirgin ƙasa ya riƙa jawo kwantena daga Legas. Saboda haka in ka nemo Baro, ka leƙa kasafin ma'aikatar ayyuka da ta sufuri ma, ka ga ko an sa wa hanyar wani abu.

Kuma sa kuɗi a kundi daban, sakin su daban. Nan dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ke shigowa, ka rubuta wasiƙa gajera zuwa hukumar, ka sa lambar aikin, ka tambayi nawa aka saki, wa aka ba kwangila, ina aka kwana. Doka ta ba su kwana 7 su amsa. Ka buga kwafi uku a sa maka hatimi da kwanan wata a ɗaya ka riƙe, in akwai ɗan uwa a Abuja ko Lakwaja shi zai miƙa maka. Kwafi na uku ka kai ofishin mazaɓa, mu a Zariya wakilinmu Abbas Tajudeen shi ne kakakin majalisar wakilai tun 2023, na Sabon Gari kuma nasu daban. Ka bar lambar wayarka a ƙasan takardar, bayan sati biyu ka koma ka tambayi wanda ya karɓa.