Idan tsoho ya fara rikicewa a Faransa: shawara ga ƴan Maradi sababbin zuwa

A Maradi, idan tsufa ya taɓa hankalin Alhaji, babban ɗa ne ke karɓar makullin shago da littafin bashi, dangi su ce Allah ya taya riƙo, magana ta ƙare. A Faransa kuwa, zamanka ɗan fari ba ya ba ka ikon taɓa ko yuro ɗaya a bankin mahaifinka. In ya riga ya rikice, mai ba da wannan iko alƙali ne. Kada kuma ka ci gaba da cire kuɗi da katinsa don ka san lambar sirri. Ranar da wani ɗan'uwa ya kai ƙara, kyakkyawar niyyarka ba za ta zame maka hujja ba.

Matakin farko likita ne, amma ba likitan da ya saba duba shi ba. Sai wanda sunansa ke cikin jerin da mai gabatar da ƙara na gwamnati ya fitar, kuma takardar shaidar da zai rubuta kan halin da tsohon ke ciki yuro 160 ce kafin haraji. In Baba ba ya jin Faransanci sosai, ku faɗa tun wuri a nemi tafinta. Abin tausayi ne dattijo mai cikakken hankali ya yi shiru don bai gane tambaya ba, a rubuta cewa ya rikice.

Riƙon da alƙali ke bayarwa kala-kala ne. A kuratel, tsoho na gudanar da ƙananan harkokinsa, sai a manyan abubuwa ku sa hannu tare. A tutel kai ne ke wakiltarsa, yawanci na shekara 5 kafin a sake dubawa, kuma duk shekara za ka kawo lissafin abin da ya shiga da abin da ya fita. Ko kuɗin cefane ka aika wa matarsa a unguwar Zariya ta Maradi daga fanshonsa, ajiye rasit ɗin. Sayar da gidansa kuwa sai da izinin alƙali.

Tun 2016 akwai hanya mai sauƙi, abilitasiyon familiyal, wato alƙali ya ba wani na kusa a cikin iyali izinin wakiltar tsoho, wadda ba ta buƙatar lissafin shekara-shekara, amma sai dangi na kusa ba su ja da ita ba. Ni ita na fi so wa mutanenmu. Sai dai gidan da ke da ƴan uba, a kira kowa a waya, har ƴaƴa mata da ke gidajen aurensu, kafin a je kotu. In alƙali ya ga rigima, yana iya ɗora baƙo, ma'aikacin da wannan ce sana'arsa, a kan dukiyar mahaifinku, a kuma biya shi daga cikinta.

In har yanzu Baba garau yake, ku kai shi wurin notar, wato jami'in da ke tabbatar da takardu a hukumance, ya zaɓi mai riƙonsa da bakinsa. Dokar 2007 ta ba da wannan dama. A zaman nan kuma ku tambaye shi wa yake so ya kula da gona da shagon da ke gida, a rubuta, a aika wa dattawan gidan kwafi.